Na ce Chiefs za su ci, Eagles suka tsinka ni a gaban ɗana

Da ina da kunya da na bar maganar ƙwallon Amurka har abada, amma tunda da bakina na fito ranar Asabar na ce Chiefs za su ci Eagles 27 da 24, har na ƙara da cewa a rubuta a ajiye, to dole in dawo in karɓi kayana. An kuwa rubuta an ajiye. Tun kafin a tashi wasan mutum huɗu suka turo min hoton saƙon nawa a WhatsApp, ɗaya ma har da zagaye shi da jan layi wai ko na manta. 40 da 22 aka tashi. Kuma wanda bai kalla ba zai ɗauka an ɗan gwabza, wallahi 22 ɗin nan sadaka ce aka ba su bayan an gama cin kasuwa, akwai lokacin da allo ke nuna 34 da 0, daga baya 40 da 6.

Bari in ɗan yi wa 'yan gida bayani tukuna, don duk sanda na yi maganar wasan nan sai an tambaye ni wai me ake yi a ciki banda ƙatti sun sa hular kwano suna kokawa. Mutum 11 ne kowane ɓangare, filin yadi 100 ne, eh yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi, kuma ana ba ku dama huɗu ku ci yadi 10, in kun ci a sake ba ku huɗu, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. In kun kai ta ƙarshen fili shi ne tacdawun, maki 6, sai a ƙara bugun ƙafa na maki 1, in kuma hanya ta toshe ku buga ta tsakanin ƙarafan nan biyu ku samu 3. Mai jefa ƙwallon shi ake kira kwatabak, shi ne limamin tawaga, a gabansa akwai ƙatti biyar da aikinsu kawai su tare masa kada a cimma sa. Ku riƙe maganar ƙattin nan biyar, a kansu na sha ƙasa.

Super Bowl shi ne wasan ƙarshe, wannan shi ne karo na 59, an yi shi ranar Lahadi 9 ga Fabrairu 2025 a New Orleans. Ni kuma a Filadelfiya nake zaune, garin Eagles ke nan, garin da sati biyu kafin wasa ko burodi ka je saya sai mai shago ya yi maka kirarin tsuntsaye kafin ya ba ka canji, direbobin bas da hula kore, ma'aikatan banki da riga kore, ɗana ma da aka haifa a nan tun ranar Litinin ya ƙi cire rigarsa mai lamba 1 sai da uwarsa ta ƙwace ta da dare ta wanke ta busar. A cikin wannan garin ne ni na miƙe na ce Chiefs, 'yan Kansas City, za su ci. Ka ga ai neman magana ne.

Amma fa ina da hujja, ko ince a lokacin na ɗauka hujja ce. Chiefs sun gama kakar da ci 15 faɗuwa 2, kuma ɗaya daga faɗuwar ma wasan ƙarshe ne da suka hutar da manyansu. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda suke cin, ba wai suna lallasa mutane ba ne, a'a, kullum da ƙyar da jiɓin goshi, amma kullum su ne a sama. Wasan farko da Ravens ɗan wasan Baltimore ya cafe ƙwallo a ƙarshen fili lokaci ya ƙare kowa ya ce shikenan, aka duba bidiyo aka ga ɗan yatsan ƙafarsa ya taka layi. Da Broncos an zo bugun da zai kashe su a daƙiƙar ƙarshe suka tare ƙwallon da hannu. Da Raiders mutanen sun riga sun shigo inda za su buga su ci kawai sai suka yi kuskuren miƙa ƙwallo ta faɗi. Da Chargers bugun Chiefs ya daki ƙarfe, maimakon ya dawo sai ya shige. Haba jama'a. Duk wanda ya kalli Real Madrid a Champions League ya san irin wannan abin, ƙungiyar da za ka ga an gama da ita sai ka je ɗebo ruwa ka dawo ka tarar ta ci. Da a gida ne da tuni an ce akwai malamin da ke musu aiki. Sai ga shi kuma sun fitar da Bills 32 da 29 a wasan da ya kawo su nan, tazarar maki 3 dai kamar kullum.

Sannan ga Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Chiefs. Kofi uku yake da shi, kuma duk ukun sai da aka ba shi ratar maki 10 sannan ya juyo ya ci, biyu a kan 49ers ɗaya a kan Eagles ɗin nan. Wannan na Eagles ɗin shi ne ciwon, Fabrairun 2023 a Arizona, an tafi hutu Eagles na da 24 Chiefs 14, muna falon nan ana ta murna, aka dawo Mahomes da ɗingishinsa ya birkita komai, kusa da ƙarshe alƙali ya busa wa James Bradberry laifin riƙe riga, Chiefs suka cinye lokaci suka buga, 38 da 35. Ɗana a lokacin yana ƙarami, ya yi kuka har da shessheƙa, ni na ɗauke shi na kai shi gado. To wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake, yanzu da na zauna na duba sai na ga hasashen nawa ba wani ilimi ba ne, tsoron Mahomes ne kawai na naɗa masa rawani. Ga kuma labarin da aka cika mana kunne da shi, wai za su zama na farko da suka ɗauki Super Bowl sau uku a jere, ba wanda ya taɓa yi, har 'yan caca ma su suka ɗan fifita.

Akwai wani yayanmu ɗan Damagaram da ya fi shekara ashirin yana tuƙa tasi a garin nan, shi ya fara koya min wasan ma lokacin da na zo ina ganin abin kamar hauka. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muna tsaye a bakin mota sanyi na kaɗa mu na zayyana masa duk hujjojin nan, ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce, “Malam, kai mai jifa kake kallo, ni ƙattin gaba nake kallo. Wa zai tare masa?” Na ce Alhaji ai Mahomes ko ba a tare masa ba zai san yadda ya yi. Ya yi dariya ya ce to mu ƙulla, ba kuɗi ba don kada mu faɗa caca, wanda ya faɗi shi zai ciyar da majalisa ranar Asabar mai zuwa, tsire da masa, kuma in ni ne to sai na sa hular Eagles na raba abincin da hannuna. Na ce na yarda, har da tafawa.

Abin da Alhaji yake gani wanda ni na gani na kau da kai shi ne, duk kakar nan Chiefs ba su da tsayayyen mutum a gefen hagu na ƙattin nan biyar, wurin da ke kare bayan kwatabak, sun gwada wannan sun gwada wancan, a ƙarshe suka ɗauko Joe Thuney daga gurbinsa na ciki inda ya ƙware suka kai shi gefe, ka ga an toshe rami ɗaya an buɗe wani. Kuma ba yau aka fara ba, a Fabrairun 2021 Tampa Bay sun yi wa Mahomes 31 da 9 a Super Bowl saboda daidai wannan matsalar, ya kwana yana gudun ceton rai. Na kalli wasan nan da idona fa. Amma da na zo yin hasashe sai ƙwaƙwalwata ta ɗauko ukun da ya ci ta ɓoye wannan a ƙarƙashin katifa.

Ranar Lahadi muka taru a gidana bayan magariba, mu bakwai har da yara, uwargida ta yi dambun shinkafa ga kuma fukafukan kaji don yara sun ce ba a kallon Super Bowl babu su. Ƙarfe 6:30 na yamma ake farawa a nan, wato 12:30 na dare a Najeriya, ƙanina da ke Kano ya sha alwashin zai kalla har ƙarshe tunda na dame shi da labari, minti arba'in da farawa ya turo min wai Yaya wannan wasa ne ko talla, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba sai da safe. Ban ga laifinsa ba, wasan minti 60 ne a agogo amma sai ya ci awa uku da rabi. Donald Trump ma ya je filin, shi ne shugaban ƙasa mai ci na farko da ya halarci Super Bowl, aka nuno shi aka wuce.

Farkon wasa abin ya so ya bi hanyata. Eagles suka yi kasada a dama ta huɗu, kwatabak ɗinsu Jalen Hurts ya jefa wa A.J. Brown wata doguwa ya cafe, sai ga tutar alƙali a ƙasa wai Brown ya ture mai tsaronsa, falona ya kaure da ihu, dama duk kakar ana ta ƙorafin alƙalai na Chiefs ne, ni kuma na gyara zama ina murmushi a ciki na ce an fara. Ba a jima ba Eagles suka kai yadi ɗaya da layi suka yi abin nan nasu da duk Amurka ta tsana, a jeru a dunƙule Hurts ya riƙe ƙwallo wasu su turo shi ta baya, kamar dai yadda ake tura mota in ta kafe a taɓo, kowa ya san abin da za su yi amma ba mai iya hanawa. 7 da 0. Hurts ya jefa wata aka sace, na ce yawwa. Jake Elliott ya buga ta zama 10 da 0, na juya na kalli Alhaji na ce ai ka san 10 ɗin nan lambar Mahomes ce, daga nan yake tashi. Bai ce min komai ba, ƙashin kaza yake tsotsa.

Daga nan ne fa ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Aka kayar da Mahomes da ƙwallo a hannu, aka tashi aka sake kayar da shi nan take, sau biyu a jere, sai ga shi a dama ta uku da tulin yadi a gabansa, ya zame ta dama yana neman wanda zai ba, ya wurga, kawai sai ga wani yaro Cooper DeJean ya shigo tsakani kamar shi aka aika wa, ya cafe ya ranta a na kare yadi 38 har gida. Yaron nan shekararsa ta farko ke nan a gasar, kuma ranar ce ranar haihuwarsa, ya cika 22. Ɗana ya yi tsalle daga kan kujera ya zubar da kofin zoɓo a kafet, uwarsa ko kallon kafet ɗin ba ta yi ba don ita ma ihu take, ita da ta ce min ba ta gane komai a wasan. Aka maimaita hoton fuskar Mahomes, a nan na fara jin cikina ya ɗuri ruwa, don ban taɓa ganin idonsa haka ba, yana waige-waige tun kafin a taɓa shi.

Kafin hutu aka sake, Josh Sweat na Eagles ya turo Thuney ɗin nan da baya da baya har ya kai shi jikin Mahomes daidai lokacin da zai jefa, ƙwallo ta tafi a karkace, Zack Baun ya yi sufa ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ba a ɗau lokaci ba Brown ya shiga da ita. 24 da 0. Yadi 23 kacal Chiefs suka ci a duk rabin farko, wato makin Eagles ya fi yadin Chiefs yawa, ni dai ban taɓa jin irin wannan ba. Lokacin da aka fara kiɗan hutun rabin lokaci muka tashi muka yi isha, Alhaji ya ja mu, bayan sallama ya juyo ya ce min, “Malam, tsiren nan fa na rago nake so.”

Abin da ya fi burge ni, yanzu da zafin ya ɗan huce, shi ne Eagles ba su yi wata dabara mai rikitarwa ba. Yawanci in ana son a takura wa kwatabak sai a ƙaro mutum na biyar ko na shida su afka masa, to amma hakan na barin fili a baya, kuma Mahomes ya fi kowa iya hukunta mai yin haka. Tsohon nan Vic Fangio mai tsara tsaron Eagles bai ƙaro kowa ba ko sau ɗaya, mutum huɗu kawai ya saki, bakwai suka koma baya suka rufe duk wata kafa, kuma huɗun nan suka fi ƙarfin biyar. Sau 6 aka kayar da Mahomes, Sweat na da biyu da rabi, Milton Williams na da biyu har ya fizge masa ƙwallo a ɗaya. Travis Kelce na Chiefs da ake ta nunawa a talabijin duk kaka ƙwallo 4 ya cafe, yadi 39. A cikin ƙattin tsaron Eagles ɗin akwai Moro Ojomo wanda a Legas aka haife shi, na nuna wa ɗana shi na ce ka ga ɗan ƙasarku, ya ce Abba ai yanzu kuma kai ma ɗan Eagles ne? Na ce ya yi min shiru.

In za a yi min adalci akwai abu ɗaya da na canka daidai. Na ce Chiefs za su tare Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo na Eagles, kuma sun tare shi, sau 25 aka ba shi ƙwallo yadi 57 kawai ya samu, mutumin da ya ci yadi 2,005 a kakar 2024 bayan Giants sun sake shi ya tafi. Duk da haka ya kafa tarihin yadi mafi yawa a kaka ɗaya in aka haɗa da wasannin fitar da gwani, 2,504, shi ma kuma ranar haihuwarsa ce. Kuskurena shi ne na ɗauka in an tare Barkley an gama da Eagles, don ban taɓa yarda Hurts zai iya cin babban wasa da hannunsa ba, kuma ba ni kaɗai ba, rabin garin nan ma gunaguni suke a kansa a watan Disamba. Mutumin nan dama ya saba da raini, a 2018 yana jami'ar Alabama aka cire shi a hutun rabin lokaci na wasan ƙarshe aka sa wani, ya koma Oklahoma, a 2020 ma da ƙungiyoyi ke zaɓen sabbin 'yan wasa sai zagaye na biyu aka ɗauke shi. To ranar Lahadi jifa 22 ya yi 17 suka isa, yadi 221, ya kuma ci 72 da ƙafarsa, duk sanda Chiefs suka rufe Barkley sai ya zare da kansa. Wadda ta kashe wasan ita ce ta kashi na uku cikin huɗu na wasan, Chiefs sun yi kasada a dama ta huɗu sun faɗi, kowa na jiran Eagles su fara cin lokaci a hankali, kawai Hurts ya ɗaga ta sama yadi 46 sai hannun DeVonta Smith, ɗan asalin jihar Louisiana ɗin ma, a gaban 'yan uwansa. 34 da 0. Hurts aka ba gwarzon wasa kuma ban da ta cewa.

Sauran duk cike gurbi ne. Xavier Worthy ya ci wa Chiefs biyu DeAndre Hopkins ya ci ɗaya, amma kafin na ƙarshen an riga an sheƙa wa kocin Eagles Nick Sirianni ruwan sanyi a ka tun wasa bai ƙare ba, har an cire Hurts an sa na benci ya ƙarasa. Na ɗan ji tausayin kocin Chiefs Andy Reid, shekara 14 ya yi yana horar da Eagles ɗin nan bai ɗauko musu kofi ba, ga shi yau su suka hana shi kafa tarihi. Maganar alƙalai kuwa ko mutum ɗaya ban sake jin ya yi ta ba.

Ana tashi unguwa ta ɗauka, hon, wasan wuta, mutane na buga tukwane a baranda cikin sanyin nan, a talabijin ana nuna titin Broad ya cika maƙil matasa na hawa turakun fitila kamar yadda suka saba. Wannan ne kofinsu na biyu, na farko shi ne na 2018 da suka ci Patriots 41 da 33. Ɗana ya so mu fita na ce ba inda za mu da daren nan gobe akwai makaranta, ya ce to aƙalla in faɗa da bakina cewa na yi kuskure, na faɗa, ya ce bai ji ba in ƙara ɗaga murya, uwarsa kuma ashe tana ɗauka a waya.

Ranar Juma'a 14 ga wata za a yi faretin kofi, tituna za su rufe, tun yanzu ina lissafin ta inda zan bi in samu sallar Juma'a. Asabar kuma ni ne da tsire. Na je wajen mai naman halal ɗazu na tambayi kuɗin cinyar rago biyu, da ya faɗa sai da na dafa kanta. Masa uwargida ta ce za ta yi amma da sharaɗin in wanke kafet ɗin da zoɓo ya ɓata, ni da ba ni na zubar ba. Hular kuma Alhaji ya riga ya aiko da ita tun jiya, ta yi min kaɗan, na kira shi na faɗa masa ya ce haka zan sa ta.